Kafa Shafin Intanet Daga Ɗakinka: Abin da Zai Yiwu a Ƙasar Rima

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Wurno da Rabah da Goronyo

 

Shugabannin wannan taro sun umurce ni in yi magana a kan waɗansu tambayoyi da suka yawaita a bakin ɗalibanmu, musamman waɗanda suka mallaki kwamfuta a 'yan shekarun nan. Tambayoyin kuwa ba su wuce uku ba. Ta farko, shin mutum yana iya kafa shafin intanet a kan kwamfutarsa, yana zaune a gidansu a Wurno ko Rabah ko Goronyo, har mutanen duniya su buɗe su karanta? Ta biyu, me ya kamata ya fara koyo? Ta uku, in ya kafa shafin, me zai zuba a ciki? Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ɗan abin da na karanta, in kuwa malamanmu sun ga gyara, to, dama don haka muka taru.

Yadda Shafi Yake Zuwa Hannunka

Kafin mu shiga tambaya ta farko, wajibi ne mu san abin da ke faruwa sa'ad da mutum ya buɗe shafi a wayarsa. A ɗauka uwar gida ta aiki yaro ya sayo mata gishiri a shagon wani mutum. Yaron ya san sunan mai shago, amma bai san inda shagon yake ba, sai ya biya wurin mai unguwa a kwatanta masa. Da ya isa sai ya yi sallama, ya faɗi abin da yake so, a ba shi, ya komo gida. To, haka al'amarin intanet yake. Burauzar da ke cikin wayarka ita ce ɗan aike. Kwamfutar da ke riƙe da shafin, wadda masana suke kira uwar garke, ita ce mai shago. Kowace uwar garke tana da lambar da ake gane ta da ita, watau lambar IP. Da yake mutane ba su iya haddace lambobi barkatai, sai aka ƙirƙiro wani tsari a 1983, ana ce da shi DNS, wanda aikinsa shi ne mai da suna ya zama lamba. Shi ne mai unguwar labarinmu. Ka'idar sallama da amsawa tsakanin ɗan aike da mai shago kuma ita ce HTTP. In an nemi abin da babu shi a shagon, sai a amsa da lamba 404, wadda na tabbata kowa a nan ya taɓa cin karo da ita.

Abin lura a nan shi ne, uwar garke ba wata aljana ba ce. Kwamfuta ce kamar kowace kwamfuta, sai dai an sa mata manhajar da ke sauraron masu sallama, an kuma bar ta a kunne dare da rana. Shafin farko da aka yi a duniya ma a kan teburin ofis ya zauna. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee, yana aiki a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da birnin Janeba, shi ya kawo shawarar wannan tsari a watan Maris na 1989. A ƙarshen 1990 ya kafa uwar garke ta farko a kan kwamfutarsa samfurin NeXT, har ya manna mata takarda yana gargaɗin kada kowa ya kashe ta. A ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar ta sakar wa duniya wannan fasaha kyauta. Saboda haka amsar tambayarmu ta farko ita ce: i, yana yiwuwa. Amma ina roƙonku ku riƙe zancen takardar nan da aka manna, gama duk wahalar da ke gabanmu tana ƙunshe a cikinta.

Abin da Za a Fara Koyo

Bari in tsallaka zuwa tambaya ta biyu, domin ba a neman shago sai an sami haja. Shafin intanet yana tsaye ne a kan abubuwa uku. Na farko HTML, shi ne tubali da azara, watau shi ke nuna ga kan magana, ga sakin layi, ga hoto, ga mahaɗin da zai kai ka wani shafi. Na biyu CSS, wanda ya fito a 1996, shi ne yaɓe da fenti, yana kula da launi da girman rubutu da yadda shafin zai zauna daidai a fuskar waya. Na uku JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙago a 1995, shi ke sa shafi ya motsa, ya yi lissafi, ya amsa in an taɓa shi. Sau da yawa akan ji ɗalibi yana tambaya wanne harshe ya fi kawo kuɗi don ya fara da shi. Shawarata ita ce a bi su a jere kamar yadda na ambata. Wanda ya zauna da HTML mako biyu yana rubutu da hannunsa, ba kwafe ba, zai iya fitar da shafi mai tsabta. Ba ya bukatar kome sai manhajar rubutu irin su Notepad da burauza, ko data ba ya bukata.

Tambaya ta gaba da akan yi ita ce, yaushe ne mutum yake bukatar PHP da rumbun bayanai? Ga misali. In kana so ka rubuta tarihin garinku, wanda ba ya sakewa daga yau zuwa gobe, HTML da CSS sun wadatar, shafi ne tsayayye kamar takardar da aka manna a bango. Amma in kana so kowace ranar kasuwar Achida wakilinka ya shigar da farashin buhun albasa da na shinkafa, shafin kuma ya jera su da kansa, ya nuna na bara da na bana, to, sai ka nemi harshen da ke aiki a cikin uwar garke, irin su PHP ko Python, tare da rumbun da zai ajiye lambobin. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, haka take aiki, an dai ɗauke wa mutum wahalar rubutawa ne. Ba laifi a yi amfani da ita, amma wanda bai san abin da ke ƙarƙashinta ba, ran da ta ƙi, sai ya riƙe baki.

Akwai abubuwa biyu da suka shafe mu mu Hausawa, waɗanda littattafan Turawa ba su cika damuwa da su ba. Na farko shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Lalle ne a adana fayil da tsarin UTF-8, a kuma bayyana hakan a saman shafin, in ba haka ba sai haruffan su rikiɗe su zama alamun tambaya da akwatuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama tsakanin "kasa" da "ƙasa", ko "bata" da "ɓata", akwai tazarar da za ta iya juya ma'anar zance gaba ɗaya. Har ila yau a rubuta alamar harshenmu, watau "ha", a farkon shafin, don injunan bincike su san Hausa ce. Na biyu shi ne nauyin shafi. Mutumin da zai karanta abin da ka rubuta a Gandi ko Shinaka da ƙaramar waya zai buɗe, da datar da ya saya da guminsa, a wurin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya aka ɗora ba a rage shi ba ya fi rubutun littafi guda nauyi. Duk wanda ya cika shafinsa da irin waɗannan hotuna, ya rufe ƙofa ga mutanen da ya ce don su ya yi.

Shingaye Huɗu

Yanzu sai mu koma ga kafa uwar garke a gida. Aikin kansa ba wuya. A sa wa kwamfuta manhajar Apache ko Nginx, dukansu kyauta ne, a zuba fayilolin shafin cikin jakar da aka tanada, sa'an nan a umurci na'urar da ke rarraba intanet a gidan ta riƙa tura masu sallama zuwa ga wannan kwamfuta ta ƙofa ta 80 da ta 443. Wanda ya saba, kafin a yi la'asar ya gama. Amma akwai shingaye huɗu a gabansa.

Shinge na farko shi ne wuta. Ba sai na ɓata lokacinku da bayanin halin wutar lantarki a garuruwanmu ba, gani ya kori ji. Mu dai yi lissafi. Kwamfutar cinya mai cin wat 30, in ta kwana ta wuni a kunne, ta sha wat 720 na awa a rana guda. Ƙaramar kwamfutar nan da ake kira Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a 2012, ba ta fi tafin hannu ba, tana iya aiki da kamar wat 5, watau wat 120 na awa a rana. Wannan kam farantin sola madaidaici da batir suna iya ɗauka, rana kuwa Allah ya hore mana ita. Akwai wata mujalla mai suna Low-tech Magazine, wadda tun 2018 take gudanar da shafinta da hasken rana daga wani gida a birnin Basalona na ƙasar Sifen, kuma ta gaya wa masu karatunta a fili cewa in hadari ya daɗe shafin zai ɗauke. Sai dai mu a nan dole mu ƙara da lissafin zafin bazara, wanda yakan haura digiri 40, da ƙurar hunturu, gama duka biyu abokan gaban na'ura ne.

Shinge na biyu shi ne adireshi, kuma shi ne wanda ya fi ɓoyuwa. Lambobin IP na tsohon tsari ba su wuce biliyan 4.3 ba, kuma tun watan Fabrairu na 2011 babbar hukumar da ke rabon su ta raba na ƙarshe da ke hannunta. Saboda ƙarancinsu, kamfanonin waya sukan tara ɗimbin masu layi a bayan lamba ɗaya, kamar gidan haya mai ɗaki ɗari da zaure guda. Kai kana iya fita ka yi sayayya ka komo, amma baƙon da ya zo nemanka daga waje ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. To, yawancinmu da layin waya muke shiga intanet. Ko tauraron Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, haka yake yi wa masu ƙaramin tsari. Akwai dabarun kewayewa, kamar a haƙa rami tsakanin kwamfutarka da wata uwar garke ta waje wadda za ta riƙa karɓar baƙi a madadinka, amma ka ga ke nan an koma dogara ga na waje.

Shinge na uku shi ne layin kansa. An tsara layukanmu ne don saukowa da kaya, ba don aikawa ba, ga shi kuma duk wanda ya buɗe shafinka datarka yake ci. Abin da ya fi wannan muni kuwa mun gan shi da idonmu. A watan Satumba na 2021, saboda ta'addancin 'yan bindiga, aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo. Mutane suka riƙa yin tafiya mai nisa don kawai su buga waya. Da a ce wani ya ajiye shafinsa a ɗakinsa a Goronyo a wannan lokaci, da shafin ya ɓace daga duniya, a daidai lokacin da 'yan'uwanmu na Legas da Kano da ƙasashen waje suka fi ƙishirwar labarin gida.

Shinge na huɗu shi ne tsaro. Duk ƙofar da ka buɗe wa baƙi, ka buɗe wa ɓarawo. Akwai manhajoji da ke yawo a intanet dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, ba ruwansu da ko kai wane ne. In suka tarar da kalmar sirri mai rauni, ko manhajar da ba a sabunta ba, sai su shige, daga nan kuma su kai ga sauran na'urorin gidan. A nan ina jan hankalin yayyenmu ma'aikata musamman: kwamfutar da ke ɗauke da takardun ofis, ko jerin albashi, ko sakamakon jarrabawar ɗalibai, kada a kuskura a mai da ita uwar garke. Rigakafi ya fi magani.

Ina Mafita?

Kada wani ya ce na zo in kashe masa gwiwa. Abin da nake nufi shi ne a ba kowane wuri aikin da ya dace da shi, kuma wuraren uku ne.

Ɗakinka makaranta ce. Kowace kwamfuta tana da lambar da take kiran kanta da ita, watau 127.0.0.1. In ka sa manhajar XAMPP, wadda ta haɗa Apache da PHP da rumbun bayanai wuri guda, ka rubuta wannan lamba a burauza, sai ka ga shafinka ya buɗe, kai ne mai shago kai ne ɗan aike. A nan za ka gina, ka rushe, ka sāke ginawa, ba data, ba ɓarawo, ba mai yi maka dariya.

Wuri na biyu shi ne makarantarku ko unguwarku, kuma a nan ne uwar garken gida take da amfanin da babu mai ƙwace mata. Ƙaramar kwamfuta da na'urar Wi-Fi da batir sun isa su rarraba shafuka ga duk wayar da ke kusa, ko da babu sabis ko ɗigo. Akwai manhaja kyauta mai suna Kiwix, wadda ake sauke Wikipedia dungurungum a cikinta, har da ta Hausa, a riƙa karantawa ba tare da intanet ba. A haɗa da littattafan karatu waɗanda aka yarda a rarraba, da darussan da malamai suka rubuta. Ku duba fa, makarantar sakandare a Rabah ta sami laburare wanda rufe layi ba ya taɓa shi. A ganina wannan shi ne aikin da ya fi cancanta ɗalibanmu su yi a lokacin hutu.

Wuri na uku shi ne kasuwar duniya, ita kuwa sai a kama rumfa. Shafi tsayayye ana iya ajiye shi kyauta a wurare irin su GitHub Pages. Mai bukatar PHP sai ya yi haya a wurin kamfanonin da wannan ce sana'arsu, masu janareto da masu gadi da layuka fiye da ɗaya. Sunan shafi mai ƙarewa da .ng ana yin rajistarsa ta hannun wakilan hukumar NiRA, kuma kowace shekara ake sabuntawa, wanda ya manta sai wani ya ɗauke. Takardar shaidar da ke sa ɗan kwaɗon nan ya bayyana a burauza kuma, cibiyar Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta. Manomin Wurno a fadama yake noma albasarsa, amma ba ya zama a bakin rijiya yana jiran mai saye daga Kudu, kasuwa yake kai ta.

Me Za Mu Zuba a Ciki?

Malam Shugaba, na zo ga tambaya ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi damuna. Ana iya koyon duk abin da na lissafa a cikin shekara guda, amma ina amfanin rumbu in babu hatsi? Ku gwada neman garuruwanmu a intanet, ku ga abin da zai fara fitowa. Galibi labarin hari ne da adadin waɗanda aka kashe, kamar na yankin Gandi a watan Yuli na 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021. Waɗannan abubuwa sun faru, Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, amma ba su ke nan ba ne tarihinmu.

Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake, shi kuwa mutum ne wanda mulki da yaƙi ba su hana shi rubuta littattafai ba, tun daga tarihi har zuwa magani. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya rubuta abin da ya gani, har yau ana karantawa. A Rabah aka haifi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ya kuma zama hakimin garin a 1934, tun kafin ya zama Firimiyan Jihar Arewa. A Goronyo akwai madatsar ruwa a kan Gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, kuma dubban manoman rani da masunta da ita suka dogara. Wa ya rubuta da Hausa yadda ake rabon ruwanta? Wa ya tattara abin da dattawa suka gani a ambaliyar 2010, wadda ta cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima? Wa ya rubuta sunayen irin shinkafar da kakanninmu suke shukawa, da yadda ake adana albasa ta kai bazara ba ta ruɓe ba? Baƙo ya zo daga Turai a kan doki ya rubuta garinmu, mu kuwa da na'ura a aljihu mun yi shiru. Kowane tsoho da ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, an yi hasarar da ba ta da mayewa.

Sai dai a yi hattara wajen rubutun. A halin da ƙasarmu take ciki, bai kamata a sa sunan attajiri da yawan dabbobinsa, ko hoton gidan wani, ko ranar da fatake suke bin hanya kaza, a shafin da kowa yake gani ba. Kada kuma a sa hoton mutum ko lambar wayarsa sai da izininsa, gama ban da hakkin maƙwabtaka, akwai dokar kare bayanan jama'a wadda aka sa wa hannu a 2023. Abin da ba ka tabbatar ba kada ka rubuta, wanda ka ji daga bakin wani kuma ka faɗi daga wurin wa ka ji.

Kammalawa

Saboda haka ina ba da shawara ga wannan taro, kada mu watse sai mun fitar da mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma: ɗaya ya koyi gina shafi, ɗaya ya bi dattawa da manoma yana tambaya, ɗaya kuma ya kula da gyaran Hausar. Kowane rukuni ya kawo shafi biyar kacal a taro mai zuwa, a gwada su a kan kwamfuta a gaban jama'a kafin a fitar da su. Da yayyafi kogi kan cika. Yayyenmu ma'aikata kuma muna roƙo su taimaka da abin da ya sauƙaƙa na kuɗin rajistar suna da batir, malamanmu su duba mana abin da muka rubuta.

 Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ilimi mai amfani.